Kogin Rhone: daga ƙanƙarar Alps zuwa gishirin Camargue

Duk wanda ya tashi a ƙasar da kogi ke cika da damina ya ƙafe da rani, zai yi mamakin abin da ke faruwa a kwarin Valais na kudancin Suwizalan a watan Yuli. A wannan wata rana tana ƙuna, ciyawar gangaren duwatsu ta bushe, domin birnin Sion da ke tsakiyar kwarin ba ya samun ruwan sama da ya wuce kimanin milimita 600 a shekara, wato ƙasa da abin da Kano ke samu. Amma a daidai wannan lokaci ne Kogin Rhone ke tumbatsa, da ruwa mai launin toka da sanyin da hannu ba ya jimre masa. Dalili shi ne ruwan kogin a nan bai dogara da hadarin jiya ko na shekaranjiya ba. Dusar ƙanƙarar da ta sauka a kan tsaunuka da hunturu, da kuma curin ƙanƙarar da ya daskare tun ɗaruruwan shekaru, su ne ke narkewa idan zafi ya kankama, su gangaro.

Ƙanƙarar tsauni rumbu ce, ana zuba mata da sanyi, ana ɗiba da zafi. Kusan duk abin da mutane suka gina a gaɓar wannan kogi cikin ƙarni biyu da suka wuce, tun daga gonakin Valais har zuwa tashoshin nukiliyar Faransa da shinkafar bakin teku, an gina shi ne da tabbacin cewa abin da ake zubawa ba zai taɓa gaza abin da ake ɗiba ba. Wannan tabbaci ne ke sukurkucewa a zamaninmu, kuma ba a gane nauyin lamarin sai an bi kogin daga mafarinsa.

Rhone yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani curin ƙanƙara mai irin sunansa, kusa da mashigin Furka, a tudun da ya kai kimanin mita 2,200 sama da teku. Wannan yanki na tsaunukan Gotthard mararraba ce ta ruwan Turai, domin a kusa da nan ne Rhine ke tashi ya nufi Tekun Arewa, Ticino kuma ya gangara kudu ya zuba a Kogin Po na Italiya. Shi Rhone yamma ya nufa, tafiyar kilomita 800 da 'yan kai kafin ya isa Bahar Rum. Kilomita 160 na farko yana yin su ne a cikin kwari mai faɗin ƙasa da tsayayyun gefuna, tsakanin jerin tsaunuka biyu da wasunsu suka haura mita 4,000, irin su Matterhorn da Monte Rosa. Waɗannan tsaunuka ne ke tare hadarin da ke tasowa daga arewa da kudu, su bar kwarin da fari, su kuma ne ke aiko masa da ruwa ta ƙoramu masu yawa, ciki har da Massa wadda ke fitowa daga Aletsch, curin ƙanƙara mafi girma a duk Alps. Mutanen saman kwarin Jamusanci suke yi, daga wajen Sierre zuwa ƙasa kuma Faransanci. A Martigny kogin ya karya kwana ya fuskanci arewa, ya matse ta ƙunƙuntar hanyar Saint-Maurice, sannan ya faɗa Tabkin Jeneba.

Tabkin yana yi wa kogin abubuwa biyu. Na farko, yana tace shi. Ruwan da ya shigo da laka da garin dutse ya fi ruwan tabkin nauyi, saboda haka nutsewa yake yi ya bi ƙasa, lakar ta kwanta a zurfin da ya kai mita 310, ruwan kuma ya shafe kimanin shekara 11 kafin ya fita ta birnin Jeneba garai-garai. Na biyu, yana sassauta masa fushi, domin faɗin murabba'in kilomita 580 yana iya shanye ambaliyar da za ta halaka gari. Sai dai tsabtar ba ta daɗewa, don a cikin birnin ne Kogin Arve mai ɗauke da lakar Mont Blanc ke haɗuwa da shi, har a kan ga ruwa biyu masu launi daban suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya.

Daga nan Rhone ya ratsa duwatsun Jura ya shiga Faransa, a Liyon ya karɓi Saône, ya juya kudu ɗoɗar. Abin da ya bambanta shi da sauran kogunan Faransa shi ne rassansa ba lokaci guda suke cika ba. Saône ruwan saman hunturu take kawowa. Isère da Durance suna kawo narkakkiyar dusar ƙanƙara a watannin Mayu da Yuni. Ardèche da Gard, masu saukowa daga tsaunukan Cévennes, kan cika cikin sa'o'i kaɗan idan aka yi mamakon watannin Satumba zuwa Nuwamba. Ƙanƙarar Valais da ta Mont Blanc kuwa ita ke riƙe da Yuli da Agusta, lokacin da sauran duk suka yi ƙasa. Wannan karɓa-karɓa ce ta sa kogin da ya bar Jeneba da kimanin kubik mita 250 a daƙiƙa yake isa garin Beaucaire, kusa da ƙarshen tafiyarsa, da kimanin 1,700, kuma da wuya a gan shi ya yi irin ƙafewar da Kogin Loire na Faransa ke yi. Ita ce kuma ke sa idan rabon biyu ko uku ya faɗo lokaci guda, a sha ambaliyar da ba a mantawa.

A wannan kwari ne ɗan Adam ya fara gane cewa ƙanƙara ta taɓa mamaye rabin Turai, kuma ba malamin jami'a ne ya fara ganewa ba. Wani manomi maharbi daga ƙauyen Lourtier a kwarin Bagnes, Jean-Pierre Perraudin, ya lura da zane-zanen karta a jikin duwatsun da ke nesa da ƙanƙara, iri ɗaya da waɗanda yake gani a bakin ƙanƙarar, ya kuma ga manyan duwatsu a zaune a inda babu irinsu. A 1815 ya shaida wa masanin ma'adinai Jean de Charpentier cewa a da ƙanƙara ta cika kwarin har Martigny, masanin bai yarda ba. Shekara uku bayan haka masifa ta kawo wani injiniya yankin. Bayan 'yan shekaru na tsananin sanyi, ɓaraguzan da ke faɗowa daga curin ƙanƙarar Giétro sun taru sun toshe rafin Dranse, tabki mai tsawon kimanin kilomita biyu ya taru a bayansu. Injiniyan jihar, Ignaz Venetz, ya sa ma'aikata suka haƙa rami a cikin ƙanƙarar, suna aiki dare da rana ƙarƙashin barazanar ruftawa, har ruwan ya fara fita tabkin ya ragu sosai. Amma da yammacin 16 ga Yunin 1818 bangon ya ɓalle, ragowar ruwan ya kwararo cikin kimanin rabin sa'a, ya share gidaje da gadoji har Martigny, ya kashe mutane fiye da talatin. Ba don ramin da kuma gargaɗin da aka yi ba, da asarar ta ninka, kamar yadda ta faru a 1595 lokacin da irin wannan ambaliya ta ci rayuka fiye da ɗari.

Zaman da Venetz ya yi a kwarin ne ya haɗa shi da Perraudin, ya duba da idonsa, ya gamsu, ya shawo kan Charpentier, shi kuma ya shawo kan Louis Agassiz wanda ya shelanta ra'ayin zamanin ƙanƙara a Neuchâtel a 1837. Yau an san cewa ƙanƙarar Rhone ce ta sassaƙa kwarin da ramin tabkin, kuma a lokacin da ta fi bunƙasa ta kai har wajen Liyon. Duwatsun nan biyu da ke leƙowa daga ruwa a tashar jiragen Jeneba, waɗanda ake kira Pierres du Niton, ita ce ta ɗauko su daga tsaunuka ta ajiye, kuma daga kan ɗayansu Suwizalan ke auna tsayin kowane tudu a taswirarta. Ina ganin ya dace a riƙa tuna sunan Perraudin, domin abin da ya fahimta, cewa ƙanƙara tana zuwa kuma tana tafiya, shi ne abin da injiniyoyin ƙarni na 20 suka yi aiki kamar ba su sani ba.

Ta fuskar tarihin mutane, darajar Rhone ita ce shi kaɗai ne babban kwarin da ya buɗe hanya daga Bahar Rum zuwa tsakiyar yammacin Turai. Girkawan Phocaea sun kafa Massalia, Marseille ta yau, wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, suna tura giya da tukwane arewa, suna karɓar kuza da sauran ma'adinai. A 218 kafin Miladiyya Hannibal na Kartaj ya ƙetare kogin da rundunarsa da giwaye 37 a kan gadajen katako da aka rufe da ƙasa, a hanyarsa ta hawa Alps. A 58 kafin Miladiyya Yuliyas Kaisar ya karya gadar Jeneba don hana mutanen Helvetii wucewa, kuma daga nan yaƙin cinye ƙasar Gaul ya fara. A 43 kafin Miladiyya Rumawa suka kafa Lugdunum a mahaɗar Rhone da Saône, wadda ta zama Liyon. Wanda ke son ganin yadda sufurin wancan zamani yake, sai ya je gidan tarihi na Arles, inda aka ajiye wani kwale-kwalen dako mai tsawon mita 31 da aka gano a ƙasan kogin a 2004, aka tsamo a 2011. Ya nutse ne a ƙarni na farko na Miladiyya da lodin duwatsun gini, kuma lakar kogin ta adana shi har da wurin girkin matuƙa a bayansa, da tukwanensu, da tsabar kuɗin da maƙeran jirgin suka soke a goshinsa don neman sa'a.

Marubuta biyu na ƙarni na 6, Gregory na Tours da Marius na Avenches, sun ba da labarin wani dutse da ya rufto a shekara ta 563 a wani wuri mai suna Tauredunum kusa da mashigar kogin cikin tabki, da igiyar ruwan da ta biyo baya ta haura ganuwar Jeneba. An daɗe ana ɗaukar labarin da ƙari, sai a 2012 masu bincike na Jami'ar Jeneba suka gano makeken tarin laka a ƙasan tabkin wanda shekarunsa suka dace da lokacin. Bisa lissafinsu, ruftawar ta girgiza lakar da kogin ya tara a bakinsa ta zame, igiyar ta kai kimanin mita 13 a Lausanne da mita 8 a Jeneba. Lakar tana nan tana taruwa har yau, gaɓar tabkin kuwa cike take da mutane.

A tsakiyar zamanai kogin ya zama iyaka tsakanin masarautar Faransa a yamma da Daular Rum Mai Tsarki a gabas, kuma ƙarfin ruwansa ya sa gada ta zama abin alfahari. Ta Avignon, wadda aka fara a 1177, tana da baka 22, amma ambaliya ta yi ta cinye ta ana gyarawa har aka haƙura a ƙarni na 17, huɗu kawai suka rage. Birnin da kansa ya zama mazaunin Fafaroma daga 1309 zuwa 1377. Sufuri kuwa wahala ce tsagwaronta. Gangara daga Liyon zuwa Arles kwana biyu ko uku ne, amma hawa kan ci wata guda ko fiye. Ana ɗaure jirage da yawa a jere da igiyoyi masu kauri, dawaki gommai na ja daga gaɓa, idan hanyar ta ƙare a gefe ɗaya a loda dawakin a jirgi a ƙetare da su, idan aka zo bakin reshe su kutsa cikin ruwa har ƙirji. Babban kayan da ake hawa da shi gishiri ne daga fadamun bakin teku, wanda makiyayan tsaunuka ba su da makawa sai da shi don shanu da cuku. Da cinikin gishiri ne Kaspar Stockalper na Brig ya zama attajirin Valais a ƙarni na 17. Jiragen tururi sun zo wajen 1830 suka karya masu dawaki, jirgin ƙasa kuma ya zo a shekarun 1850 ya karya su duka.

A can Valais, mutane sun daɗe suna gudun kogin. Ƙasan kwarin fadama ce mai sauro da zazzaɓi, kogin yana sauya hanya yadda ya ga dama, don haka aka kafa ƙauyuka a kan tuddai da gangare, inda matsalar ita ce fari. Maganin da suka samo shi ne magudanan da ake kira bisse da Faransanci, Suonen da Jamusanci, masu ɗauko ruwa daga bakin ƙanƙara su kai shi gonaki a nisan kilomitoci. Inda dutse ya tsaya kamar bango, sai a sauke mutum da igiya ya huda jikinsa, a soka gungume, a ɗora kwamin katako a kai. Na Savièse an gina shi wajen 1430, ya yi aiki har 1935. A kan wasu magudanan akan kafa ƙaramin gargare da ruwa ke juyawa yana ɗaga guduma tana bugun katako, mai gadi yana jin bugun daga nesa, idan ya ji shiru ya san wani wuri ya fashe. Rabon ruwa da sa'o'i ake yinsa, ana tsaga haƙƙin kowane gida a jikin sanda, kuma duk mai haƙƙi dole ya fito aikin gayya na gyara kafin a saki ruwa. Irin wannan tsari na mallakar tarayya a ƙauyen Törbel, wanda ke da rubutacciyar yarjejeniya tun 1483, yana cikin misalan da Elinor Ostrom ta kafa hujja da su cewa talakawa na iya kula da dukiyar gamayya ba tare da sun cinye ta ba, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2009.

Ambaliyar 1860 ce ta sauya tunani. Da tallafin gwamnatin tarayya aka yi wa hanyar kogin gyaran farko daga 1863 zuwa 1894, aka miƙar da kogin, aka ɗaure shi tsakanin jinga biyu, aka tsotse fadamun. Bai kamata a raina wannan aiki ba, kamar yadda wasu masu kare muhalli kan yi a yau. Shi ne ya kori zazzaɓi, ya mai da dausayi gonakin 'ya'yan itace da kayan lambu, ya ba jirgin ƙasa da masana'antu wurin zama, irin su kamfanin sinadarai na Lonza a Visp da masana'antar alminiyom ta Chippis. Illarsa ita ce tsakuwar da kogin ke bazawa a fili a da ta koma taruwa a cikin hanyarsa, gadonsa yana tashi, har aka yi gyara na biyu daga 1930 zuwa 1960, aka ƙara matse shi aka ɗaga jingar. Sakamakon shi ne a wurare da dama, idan kogin ya cika, ruwansa yana sama da filin da mutane ke kwana a kai.

Faransa ta bi tata hanyar, mai girma fiye da haka. Bayan ambaliyar 1840 da ta 1856 an gina jinga, sannan a ƙarshen ƙarnin aka jera shingayen dutse don zurfafa hanyar jirage. Dokar 1921 ta tanadi a sarrafa kogin baki ɗaya don abu uku, lantarki da sufuri da ban ruwa, kuma a 1933 aka kafa kamfanin Compagnie Nationale du Rhône, da goyon bayan magajin garin Liyon Édouard Herriot. Madatsar Génissiat ta fara aiki a 1948, ta kuma nutsar da wurin nan na Bellegarde inda kogin kan ɓace a cikin ramin dutse idan ruwansa ya yi ƙasa. Ta Donzère-Mondragon ta biyo a 1952. Yau kamfanin yana da tashoshin lantarki 19 a kan kogin, suna ba da kusan rubu'in lantarkin ruwa na ƙasar. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: a tare kogin, a karkatar da mafi yawan ruwan cikin haƙaƙƙiyar hanya zuwa injina, a bar wa tsohon gadon ɗan abin da ba ya kashe kifi. Sai daga baya aka fara sassautawa, kamar a Pierre-Bénite kusa da Liyon inda a 2000 aka ɗaga rabon tsohon gadon zuwa kubik mita 100 a daƙiƙa. A kan wannan aka ɗora tashoshin nukiliya huɗu, Bugey da Saint-Alban da Cruas da Tricastin, masu injina 14, kusan rubu'in na ƙasar, kuma an zaɓi wuraren ne saboda ruwan sanyi mai yawa da ba ya yankewa da bazara.

Su ma Suwizawa sun juya wa kogin kalanda. Madatsar Grande Dixence, mai tsayin mita 285, da aka kammala a 1961, tana tara kubik mita miliyan 400 daga ƙanƙarar kwaruruka da dama ta hanyar ramukan ƙarƙashin dutse, a riƙe ruwan bazara a sake shi da hunturu lokacin da lantarki ke tsada. A daidai inda ƙanƙarar Giétro ta toshe rafi a 1818 akwai madatsar Mauvoisin yanzu. Baƙin ma'aikata ne suka yi mafi yawan wannan aiki, kuma sun biya da rayukansu. Ranar 30 ga Agustan 1965 wani ɓangare na curin ƙanƙarar Allalin ya rufto a kan bukkokin ma'aikatan madatsar Mattmark, waɗanda aka kafa a ƙarƙashinsa, ya kashe mutum 88, 56 daga cikinsu Italiyawa, kotu kuma ta wanke duk waɗanda aka tuhuma. Wannan hukunci tabo ne da bai kamata a rufe shi da kyawun madatsar ba.

Duk abin da aka yi a sama, a bakin teku yake bayyana. A Arles kogin ya rabu biyu, babba da ƙarami, suka rungume Camargue, filin da lakar Alps ta gina, ƙasar fararen dawaki da baƙaƙen bijimai da tsuntsayen filamingo. Tun da aka kewaye shi da jinga ta gefen teku da ta gefen kogi a tsakiyar ƙarni na 19, ambaliya ta daina wanke masa gishiri da shimfiɗa masa sabuwar ƙasa. Madatsun sama kuma, har da Serre-Ponçon a kan Durance, sun riƙe yashin da ke ciyar da gaɓa, teku na ci, garin Saintes-Maries-de-la-Mer yana fakewa a bayan tarin duwatsu. Shinkafar yankin, wadda ta kafu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da gumin 'yan Biyetnam da aka kawo aikin tilas, amfaninta ya wuce abinci, domin ruwan daɗin da ake turawa cikin gonakin da famfo shi ke danne gishirin ƙasa. Idan kogin ya yi ƙasa, ruwan teku yakan kutso ta ƙarƙashinsa ya hau kilomitoci, famfunan su fara zuƙo ruwan gishiri. Jingar ma ba ta hana masifa ba, don a Disamban 2003 kogin ya kai kimanin kubik mita 11,500 a daƙiƙa a Beaucaire, arewacin Arles ya kwana kwanaki a cikin ruwa.

A tsakiyar ƙarni na 19 harshen ƙanƙarar Rhone yana sauka har kusa da otal ɗin Gletsch a ƙasan kwari. Yau ya janye ya haye bayan dutse, tabki ya taru a gabansa, kuma shekara da shekaru masu kogon da aka haƙa a cikin ƙanƙarar don 'yan yawon buɗe ido suna lulluɓe wani yanki da fararen barguna don rage narkewa. Mutanen ƙauyen Fiesch na Valais, waɗanda suka yi alwashi a 1678 na yin addu'a kowace shekara don kada ƙanƙara ta cinye musu gonaki, sun nemi izinin Fafaroma a 2009 suka juya addu'ar, yanzu roƙo suke ta tsaya. Masu auna ƙanƙarar Suwizalan sun ce ta rasa kashi 6 cikin ɗari na jikinta a 2022, da wasu kashi 4 a 2023. A nan akwai buƙatar adalci wajen bayani. Idan aka ɗauki shekara gaba ɗaya, rabon tsohuwar ƙanƙara a ruwan da ke isa teku kaɗan ne, ruwan sama da dusar hunturu sun fi ta nesa ba kusa ba, don haka Rhone ba zai ƙafe ba. Matsalar ta lokaci ce. A watan Agusta rabon nata yakan kai kusan rubu'i, ya ma fi haka a shekarar fari, kuma a watan ne gonaki da garuruwa da tashoshin nukiliya suka fi bukata. A bazarar 2022 sai da hukuma ta sassauta wa Bugey da Saint-Alban da Tricastin ƙa'idar zafin ruwan da suke mayarwa kogi don kada a kashe injina. Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne yawan narkewar yana ɓoye raunin, domin a yanzu kogin yana samun ƙari ne daga jarin da ba za a mayar ba, kuma ranar da jarin ya ragu ƙarin zai tsaya.

Haɗarin yana zuwa ta ɗaya gefen ma. Idan aka yi ruwan sama mai ɗumi a tsaunin da a da dusa ke sauka, ruwan gangarowa yake yi nan take, kuma duwatsun da sanyi ya daɗe yana riƙe da su suna sakin jiki. Bayan ambaliyar Oktoban 2000 aka tsara gyara na uku a Valais, wanda ya saɓa wa na baya, domin manufarsa a faɗaɗa wa kogin hanya a mayar masa da wani yanki na filin da aka ƙwace. Masu jefa ƙuri'a na jihar sun amince da kuɗinsa a 2015, amma manoma sun yi ta adawa saboda ɗaruruwan hekta na ƙasa mai albarka da za su rasa, kuma kukansu ba na banza ba ne. A Mayun 2024 gwamnatin jihar ta sanar za ta sake nazarin shirin don tana ganin ya yi girma, ƙarshen Yuni kuma kogin ya haura jinga a Sierre da Chippis, ya shiga gidaje da masana'antun alminiyom. Ranar 28 ga Mayun 2025 curin ƙanƙarar Birch ya rufto ya binne ƙauyen Blatten, ya toshe rafin Lonza, kuma kwashe mazauna kimanin 300 da aka yi tun da wuri ne ya hana ta zama wata Mattmark. A ra'ayina masu neman a faɗaɗa hanyar kogin sun fi gaskiya, da sharaɗin a biya manoman diyya ta gaske, domin ɗaga jinga karo na uku ƙara tsayin abin da zai faɗo ne kawai.

Sauran rigimar tana Jeneba, a madatsar Seujet da ke tsakiyar birnin, inda ake buɗe wa tabkin ƙofa ko a rufe. Ƙa'idar da ake bi ta samo asali ne daga yarjejeniyar 1884 tsakanin jihohin Jeneba da Vaud da Valais, wadda damuwarta ita ce kada tabkin ya cika ya shiga gidajen bakin ruwa, har ta tanadi a ƙara sauke shi a kowace shekara huɗu don gyaran gaɓa. Faransa, mai kusan kashi biyu cikin biyar na tabkin da tashar Bugey a ƙasa da rijiyoyin da Liyon ke sha daga gare su, ba ta cikin masu sa hannu, kuma muddin ƙanƙara na cika tabkin kowace bazara ba ta da dalilin damuwa. Farin shekarun baya ne ya sa ta matsa a ba ta baki, aka shafe fiye da shekara goma ana tattaunawa, sai a 2025 ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan yarjejeniyoyin tuntuɓar juna game da kogin da tabkin, musamman a lokacin fari da ambaliya. Hannun da ke kan ƙofar dai har yanzu na Jeneba ne, kuma ba a riga an gwada yarjejeniyoyin da irin Agustan da masana ke hasashe ba, wanda tabkin zai yi ƙasa, manoman Camargue da injinan Bugey da masu otal na Lausanne kowa yana neman a saki ruwan ko a riƙe shi.